Mun Je Agege Neman Mijin Yaya Saude

Abin da na fara gani da muka sauka a Agege shi ne mata suna sayar da tumatir a kan hanyar jirgin ƙasa. Ba a gefenta ba, a kan ƙarafunan. Ina tsaye da ƙullin kayanmu a ka sai na ji ƙasa tana rawa, wani ya kwarma ihu da Yarbanci, matan suka ɗaga farantansu suka ja da baya taku biyu kacal. Jirgin ya wuce a hankali, mutane zaune a kan rufinsa, wasu sun maƙale a ƙofa. Bai gama wucewa da kyau ba suka mayar da farantan, wata ma ta ci gaba da cinikinta daga inda ta tsaya. Inna ta damƙe hannuna har sai da farcenta ya yi mini shaida. Kwana biyu muka yi a mota, ƙafafunta sun kumbura, silifas ya ƙi shiga, a hannu take riƙe da shi.

Shekarata goma sha huɗu a lokacin, ina aji biyu na ƙaramar sakandare. Ni aka zaɓa in raka Inna saboda ina iya karanta allon hanya, kuma an ɗauka ina jin Turanci. Babanmu ya rasu, ba mu da ɗan'uwa namiji a ɗakinmu, Kawu kuwa ya ce shi ba zai sa baki a maganar ba.

Mijin yayata Saude muka zo nema. Sunansa Isuhu, yana aiki a mayankar Agege, sau ɗaya ko biyu yake zuwa gida a shekara. Da bazara wansa ya aika masa cewa Yaya ta yi wa uwarsu rashin kunya, shi kuma cikin fushi ya aiko da takardar saki ɗaya. Yaya ta dawo gidanmu. Da damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, sai ga shi ya zo a ɓoye. Ya tarar Inna ta tafi ta'aziyya wani ƙauye, daga ni sai Yaya a gida. Ni na kai masa ruwa, kuma ina bakin ƙofa na ji ya ce mata, “Na mayar da ke, ki yafe mini.” Kwana biyu ya yi bai leƙa waje ba, don ba ya son uwarsa da wansa su ji kafin ya lallashe su. Ya ce zai dawo ya sanar da kowa. Ya tafi, muka ji shiru. Duk garin takardar saki suka sani, ba wanda ya san da komen.

Wannan kuwa shekara ta biyu ce da fara shari'a a jiharmu. Da cikin Yaya ya fito ta je awo asibiti, bayan kwana uku ’yan hisba suka yi sallama a ƙofarmu.

Kotun ɗaki ɗaya ce, da fanka a sama wadda ba ta juyawa. Maza sun cika ta har bakin ƙofa, wasu daga ƙauyuka suka zo kallo. Ni ina waje a jikin taga. Alƙali ya tambayi Yaya ko tana da miji, ta ce ya mayar da ita. Ya nemi wanda ya shaida, babu. Sai ya ce, “Daga ranar da takarda ta iso zuwa ranar da kika ce ya zo, jini nawa kika gani?” Idan uku ne, idda ta cika, baki kaɗai ba ya mayar da aure. Idan bai kai uku ba, matarsa ce, cikin kuma nasa ne. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya maimaita har sau uku. Ina ganin yatsun ƙafarta suna lanƙwashewa a kan siminti. A gaban maza sama da hamsin, har da malamin da ya koya mata karatu, ta kasa. Magatakarda ya rubuta cewa ba ta da amsa.

Ni na san amsar. Ɗaki ɗaya muke kwana, tabarma ɗaya muke salla, sau biyu ta ajiye salla kafin zuwansa. Na buɗe baki a jikin tagar nan, murya ta ƙi fita. Da aka tashi na samu magatakarda a bayan kotu yana alwala, na faɗa masa kaina a ƙasa. Ya ce, “Maganar yarinya ba ta hawa takarda. Ku kawo mijin.” Alƙali ya ba da mako uku. Idan Isuhu ya zo ya tsaya ya amsa, za a duba. Idan bai zo ba, cikin ya isa shaida, hukuncin wadda ta taɓa aure kuwa jifa ne. Aka ajiye Yaya a gidan mai unguwa. Mako ɗaya ya tafi kafin mu samu halin tasowa.

A Agege gidan Anti Ladidi muka sauka. Babanta mutumin garinmu ne, amma ita a nan aka haife ta, tana sayar da tuwo da shinkafa kusa da masallacin Zango. Hausarta a cakuɗe take da Yarbanci da Turancin kasuwa, sai na kasa kunne sosai nake gane ta. Ta ga ƙafar Inna ta ce, “Ah, Inna, wannan ƙafa ko doya? Oya, ku shigo.” Ta dafa ruwa ta gasa mata da kanta.

Gidan haya ne mai ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, banɗaki ɗaya. Da safe ana jera bokitai a layi, kowa ya san nasa. Ni ban iya cewa layina ne ba, sai in tsaya har kowa ya gama. Ruwa ma saya ake yi a jarka, kuma masu turo shi samarin wajenmu ne, idan suka ji Hausarmu sai su tambayi ko an samu gero bana. Komai da manja ake dafawa, har hannuna ya koma ja. Babu tsakar gida, in kana son ganin sama sai ka fita titi. Kitson da ke kaina Yaya ce ta yi mini kafin a kama ta, ya tsufa ya yi buzu-buzu, Anti ta ce bari ta tsefe mini, na ce a'a.

Washegari muka tafi mayanka, wadda suke kira Abbatuwa. Tun daga nesa ake ganin baƙin hayaƙi inda ake babbaka fata. Jini yana gudu a kwata kamar ruwan sama. Maza suna wucewa a guje da cinyar sa a kafaɗa suna ihu a ba su hanya. Mahaucin farko da muka tambaya ya yi dariya.

“Isuhu? Hajiya, guda nawa kike so? Akwai Isuhu Dogo, akwai Isuhu Kayan-ciki, akwai wani ma jiya ya sauka daga mota.”

Mun faɗi sunan garinmu da sunan ubansa, ba wanda ya sani. A nan ba a kiran mutum da sunan ubansa, sai da abin da yake sayarwa, mu kuwa abin da muka sani kawai shi ne yana aiki a mayanka. Kwana uku muna zagaye. An kai mu wajen Isuhu huɗu, ɗaya ma tsoho ne mai ido ɗaya. A rana ta biyu santsi ya kwashi Inna ta faɗi a gefen kwata, zanenta ya ɓaci har ƙugu. Samari suka yi ta sannu daga nesa. Wata Bayarabiya mai sayar da ganda ce ta taso, ta ja Inna bayan rumfarta, ta wanke mata ƙafa da ruwan da ta saya don sana'arta, ta kwance zanen da ta ɗaura a kan na ciki ta ba ta. Ba mu jin yarenta, ba ta jin namu. Tana ta cewa “Pele, Mama,” Inna tana cewa “Allah ya yi albarka.”

A rana ta uku na tuna da wani abu. Zuwan da ya yi da damina ya kawo wa Yaya mataji da ƙaramin cokali, duka na ƙaho, ya ce abokin cinikinsa ne yake yi. Na faɗa wa Inna a kunne. Muka tambayi inda ake tara ƙaho, aka nuna mana can ƙarshen fili, bayan turken shanu.

Ƙahonin tsibi-tsibi ne, sun fi tsayin mutum, ƙudaje sun rufe su. Yana tsaye a kan wani tsibi da takalmin roba har gwiwa yana jefa su cikin buhu. Ni ya fara gani.

“Kai! Zuwaira? Amaryata, ke ce kika yi tsawo haka? Har Ikko kika biyo ni? To ai sai a ɗaura yau, ga sadaki nan,” ya ɗaga wani ƙaton ƙaho.

Haka yake tsokanata tun ina ƙarama, ƙanwar mata ai abokiyar wasa ce. Sai idonsa ya kai kan Inna a bayana. Ya saki ƙahon, ya sauko da sauri, ya durƙusa nesa da ita ya kawar da kai gefe. Inna ma ta juya masa kafaɗa ta ja mayafi ta rufe baki. Aka kawo mata benci.

“Sannu da zuwa, Inna. Ya hanya?”

“Lafiya lau.”

“Ya gajiya? Ya aka baro mutanen gida?”

“Suna nan lafiya. Ya aiki?”

“Da godiya, Inna.”

Suka gaisa, suka sake gaisawa. Ya tambayi Kawu, ya tambayi amfanin gona, har akuyarmu ya tambaya. Bai tambayi Yaya ba, don ba a tambayar mata a gaban uwarta. Ni ina tsaye ina jiran Inna ta faɗa.

Yaya Saude ce ’yar farin Inna. Tun da nake ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba, “waccan” take cewa, ko “yarinyar nan”. Ba ta yabonta, ba ta shiga faɗanta, ko ranar bikinta gidan maƙwabta ta tafi ta wuni. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka uwarta ta yi mata. Ga shi kuma wanda ke durƙushe a gabanta suruki ne.

Can ta ce, “Waccan ce ba ta jin ƙarfin jikinta. Ana son ganinka a gida.”

“Subhanallahi. Allah ya sawwaƙe. In sha Allahu, Inna, da an sauko daga Babbar Salla zan taho. Yanzu ne lokacin aikinmu, in na tafi wani zai karɓe mini wuri.”

Ranar komawa kotu kwana tara ce kafin Salla. Na kalli Inna. Bakinta yana motsi a ƙarƙashin mayafi, hannunta yana murza gefen zanen Bayarabiyar nan. Na ce yanzu za ta faɗa.

“To,” in ji Inna. “Allah ya kai mu.”

Ta miƙe. Ya raka mu har titi yana tafe a bayanmu, ya saya mana tsire da lemo, ya tare mana danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta garin.

Da Anti Ladidi ta ji yadda aka yi, ludayi ta ajiye.

“Shebi kun gan shi? Da idonku? Haba Inna! Tun daga Arewa kika taho ki gaishe shi ki tambayi aiki? Abeg, kashe yarinyar nan fa za su yi!”

“Da wane baki zan faɗa masa, Ladidi?” in ji Inna. “In dubi surukina in ce ya shiga ɗakin ’yata ba na nan? In ce masa ciki?”

“Da bakin da kike cin tuwo mana!”

Inna ta juya ta fuskanci bango. Ban taɓa ganin kukanta ba ko da Baba ya rasu, ranar ma ban ga hawaye ba, bayanta kawai na ga yana girgiza. Anti ta yi tsaki ta dube ni.

“Ke, mai shiru-shiru. Ke ce abokiyar wasansa, kuma ke kika gani. Gobe ni zan kai ki, amma ke za ki yi magana. In ni na faɗa zai ce ƙarin gishirin ’yan Legas ne.”

Da hantsi muka same shi a rumfa yana shan koko tare da mai rumfar, wani dattijo da ake kira Malam Tanko.

“Amarya ta kasa haƙuri ta dawo,” in ji Isuhu. “Malam, ka ga irin son da ake mini?”

Na kafa ido a kan takalminsa na roba. Akwai faci a ƙafar hagu, an yi shi da robar tayar keke. Facin nan na yi wa magana.

“Yaya tana da ciki. Wata bakwai.”

“Ke dai Zuwaira ba ki rabo da tsiya.”

“Wallahi.”

Ya ajiye kofin. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya, har ya dafa kafaɗar Malam Tanko. “Nawa ne! Wallahi nawa ne, Malam! Alhamdulillahi. Shi ne Inna ta kasa faɗa mini?”

Sai na faɗi sauran. Hisba, kotu, tambayar alƙali, mako uku, jifa. Ban san ina da magana mai tsawo haka a cikina ba. Da na gama ya miƙe tsaye ya ce yau zai hau mota.

“Zauna tukuna,” in ji Malam Tanko. “Da ka mayar da ita, wa ke wurin?”

“Ba kowa. Sai wannan.”

“Yaushe ka aika takarda, yaushe ka je?”

Isuhu ya fara lissafi da yatsu. Ya lanƙwasa ɗaya, ya lanƙwasa na biyu, na ukun ya tsaya a rabi. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a nan.

“Wata uku ba ’yan kwanaki,” in ji Malam Tanko. “To ka ji. Muna jin yadda ake yi a rediyo. Namijin da ya rantse bai sani ba, gida yake tafiya. Kai kuwa za ka je ka ce kai ne. In alƙali ya lissafa ya ce idda ta cika kafin ka je, ba ita kaɗai ba ce kuma, ku biyu ne. Da bakinka ka kai kanka.”

“Malam, ka ji tsoron Allah,” in ji Anti. “Matarsa ce fa.”

“Ni ma ’ya’ya mata gare ni, Ladidi. Abin da ke akwai na faɗa masa.”

Isuhu ya juyo wajena. Bai iya kallon idona ba, ni ma haka. Ya yi ƙasa da murya ya yi mini tambayar da alƙali ya yi wa Yaya.

“Biyu,” na ce. “Sau biyu ta ajiye salla.”

“Kin tabbata?”

“Tare muke salla.”

“Ta ce biyu,” in ji Malam Tanko. “Alƙalin ya karɓi nata?”

Can Malam Tanko ya ce akwai dabara. A Ikeja ana yin takardar rantsuwa, mutum ya faɗi maganarsa a buga, a sa hatimi, a kai kotu a madadinsa. Isuhu ya karɓi shawarar nan hannu biyu.

Washegari muka shiga danfo mu huɗu, Inna a gaba, shi a can baya don kada su haɗa kujera. Muna sauka kusa da kotu wani mutum mai laktaye ya tare mu, ya kai mu gindin bishiya inda ya ajiye keken rubutu a kan tebur. Anti tana fassara, yana bugawa da yatsa biyu. Na lura harafi ɗaya ba ya fita, da biro yake cike shi. Ya ɗauko jan hatimi daga aljihu, ya hura masa iska ya danna, Isuhu ya dangwala yatsa. Mutumin ya karɓi abin da ya karɓa, ya ce ko a Abuja takardar nan za ta yi aiki. Inna ta naɗe ta a leda ta soke a ƙugu. Ranar ce kaɗai na ga ta ci abinci da kyau, a bakin titi, dafaffiyar masara.

Anti ce ta ce bari mu nuna wa wani. Akwai mai gadi da ke cin tuwo a wajenta, yana gadin ofishin wata lauya a nan kusa. Ya shiga ya roƙa, matar ta fito da kanta har bakin ƙofa, gajeriya mai tabarau. Ta karanta takardar, ta juya bayanta, ta girgiza kai. Rabin Turancinta na gane, sauran Anti ta fassara. Hatimin ba na kowace kotu ba ne, ba a rantsar da kowa ba, takarda ce kawai. Kuma ko ta gaske ce, alƙalin can mutum ya nema.

Isuhu ya ce, “Anti, tambaye ta. In na je, za su bar ni in dawo?”

Matar ta cire tabarau ta goge. Ta ce dokar jiharmu sabuwa ce, majalisar can ce ta yi ta, ita ba ta taɓa tsayawa a irin kotun ba. Ta ce a ganinta ba hurumin gwamnati ba ne ta ƙirga wa mace kwanakin jikinta, amma ganinta ba shi ne hukunci ba. In an yanke ana iya ɗaukaka ƙara, sai dai abin yana cin watanni, wani lokaci shekaru. Ta ce zuwansa ne babban abin da zai taimaki matarsa, amma ba za ta yi masa alkawarin abin da ba ta da iko a kai ba. Ta rubuta mana adireshin wasu lauyoyi mata a Arewa a bayan takardar banzan nan, ba ta karɓi komai ba. Ta dafa kaina ta tambayi ajina.

Da muka sauka a Agege Isuhu ya durƙusa a gefen titi, ’yan okada, wato acaɓa, suna wucewa ta bayansa, ya ce, “Inna, zan je. Jibi sai mu tafi.” Inna ta ce, “Allah ya yi maka albarka.” Saura kwana shida a koma kotu.

Ya zo tasha kafin mu. Ya yi aski, ya sa farar riga mai guga. Jaka ɗaya gare shi, baƙa, sai wata leda da ya nuna mini a ɓoye: kayan jarirai ne, riguna uku da hula da ’yar safa. “Kada ki faɗa wa kishiyarki,” ya ce, amma bai yi dariya ba. Anti ta cusa mana ƙullin abinci, ta rungume Inna, ta ce mini, “Ke, ki riƙa buɗe bakin nan, kin ji?” Motar babba ce. Ni da Inna muna tsakiya, shi yana kujerar da ke bayanmu ta ɗaya gefen. Ya tura jakar ƙarƙashin kujera, ya ɗora ledar a cinya.

Da la'asar muka tashi. Cunkoso ya riƙe mu har muka fita gari, sannan direba ya tsaya a wani gidan mai ya ce mai salla ya yi, mai fitsari ya yi. Inna ta ce ƙafarta ba za ta iya sauka ba, za ta yi a zaune. Isuhu ya miƙe ya ce bari ya yi alwala. Ya ajiye ledar a kan kujera, ya gyara mata zama. Sannan ya sunkuya ya jawo jakar.

Na gani. Na san mai alwala ba ya ɗaukar jaka. Ya wuce ta gefena, gumi ya jiƙa bayan farar rigar, bai kalle ni ba. Ta taga na ga ya wuce masu buta, ya wuce famfon mai, ya tsaya a bakin titi. Ya daɗe a tsaye. Sau ɗaya ya waiwayo. Da na kira shi a lokacin, ko da na ce wa Inna ga abin da ke faruwa, ban san ko zai dawo ba. Ina ta shirya maganar a bakina har wata danfo mai komawa cikin gari ta tsaya a gabansa. Da ta tashi babu kowa a wurin.

Sai a lokacin na leƙa na ce, “Yaya Isuhu!” Mai sayar da burodi ce kawai ta ɗago kai.

Fasinjoji suka dawo. Kwandasta ya ƙirga kawuna ya ce saura ɗaya. Inna ta ce masa, “Akwai mutum, a ɗan jira.” Direba ya yi ham sau uku, mutane suka fara faɗa, wani ya ce dare zai yi mana a daji. Kwandasta ya sauka ya duba masallaci da bayan gida ya dawo.

“Mama, waye shi? Mene ne sunansa in kira?”

Inna ta dube ni. Na ce, “Ya tafi, Inna. Ya ɗauki jakarsa.”

Ba ta tambaye ni yaushe na gani ba. Ta ce wa kwandasta a tafi. Na tashi na ɗauko ledar daga kujerarsa kafin wani ya zauna a kai, na riƙe a cinyata. Mota ta hau titi, daji ya fara, kore shar ta kowane gefe, bishiyoyin da ban san sunansu ba.

Na yi ta tunanin Yaya a ɗakin matar mai unguwa. Ranar da za mu taho ta ce mini, “In dai kun same shi zai zo, na san shi.” Ba jifan take yawan magana a kai ba, shi take magana a kai. Abin da ya rage mana adireshi ne a bayan takardar ƙarya, da kwana huɗu, biyu daga ciki a hanya.

Mun yi nisa sosai kafin na iya. Na matsa kusa da kunnen Inna, don ƙarar mota.

“Inna, don Allah in mun isa kada ki ce mun gan shi. Ki bar ni in ce mata mun nema ba mu same shi ba.”